Babana Ba Ɓera Ba Ne

Shagari Low Cost,
Jimeta.
18 ga Fabrairu.

Zuwa ga Anti Edna,

Ki yi haƙuri da wannan ƙarfin hali da na yi. Na san a gidanmu ba a saba yarinya kamata ta ɗauki biro ta rubuta wa ƙanwar ubanta ba tare da an sa ta ba, kuma ko Mama ba ta san ina wannan rubutu ba. Ni ce Virtue, 'yar farin yayanki Othniel. Rabonki da ni tun ina firamare, ranar da kika zo sallama za ki tafi ƙasar waje, na ɓuya a bayan labule na ƙi fitowa. Har yau ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa na zaɓi takarda. Zan ɗauki hotonta da wayar Mama in turo miki ke kaɗai, ba a guruf ɗin iyali ba.

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar da kike? Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Mu nan zafi ya fara shigowa. Mama tana lafiya, ƙanwata Nancy ta shiga JS1, ni kuma ina SS2, ajin kimiyya. Baba ne ba lafiya, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Kin tuna saƙon murya da kika turo a guruf ranar Kirsimeti? A falo muka saurare shi mu duka. Ranar na fara jin wani ya kira ciwon Baba da sunansa, cutar Huntington, maimakon "abin Kaka" da ake cewa ƙasa-ƙasa saboda shi ya tafi da mahaifiyarku. Kin ce wani furotin ne mara kyau yake taruwa a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kamar shara, har su gaji su mutu. Kin ce kowace ƙwaya tana da hanyar share ɗakinta da kanta, ta tattara abin da ya lalace ta narkar da shi, kuma aikinku a ɗakin bincike shi ne neman maganin da zai ƙara wa wannan shara ƙarfi. Kin ce an gwada wasu magunguna a kan ɓeraye, har da wani tsohon maganin hawan jini, an kuma ga alamar sauƙi. Na ji daɗi ƙwarai, har na maimaita wa malamarmu ta bayoloji. Daga ƙarshe sai kika ƙara, kina dariya, cewa ko yunwa ma tana tayar da wannan mai sharar daga barci.

Anti, me ya sa kika faɗi wannan magana ta ƙarshe?

Bayan sabuwar shekara Baba Absalom, babban yayanku, ya zo daga Ngurore da jakarsa da tabarmarsa, tunda an gama girbi ba abin da ya riƙe shi a gona. Duk dogon bayaninki bai ɗauki komai ba sai wannan. Ya ce yau ilimin Turawa ya iso inda Littafi Mai Tsarki yake tun dā, ashe azumi ne maganin. Ya ce shi manomi ne, ya san ba a share rumbu da hatsi a ciki, sai an kwashe. Don haka ya yanke cewa Baba ba zai ci komai ba sai rana ta faɗi, ruwa ma sai kurɓa kaɗan da tsakar rana. Ya ajiye farar kujerar roba a ƙofar kicin, nan yake wuni da Littafinsa a kan cinya. Duk wanda ya zo gaisuwa daga coci sai ya kunna masa muryarki, ya ja ta zuwa wurin yunwar, ya tsayar, ya ce, "Kun ji da kunnenku, ƙanwata ce, dokta ce."

Ke ba ki ga Baba ba tun yana iya riƙe alli a aji. Bari in gaya miki yadda yake. Jikinsa ba ya tsayawa. Kafaɗa, yatsu, wuya, ƙafa, kowanne yana nasa, kamar mai korar ƙudan da ba wanda yake gani. Tun safe har ya kwanta jikinsa aiki yake yi kamar na mai huɗa, kuma shi ne aka ce kada ya ci. Likitansa ya taɓa gaya wa Mama a riƙa ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai laushi mai ɗan kauri, saboda haɗiya tana ba shi wahala. Yanzu da yamma yunwa ta riga ta gigita shi, sai ya afka wa tuwo da sauri, ya sarƙe, ya yi ta tari har hawaye, rabin abincin ya ƙare a kan zanin da muke ɗaura masa a wuya. Mama ta huda wa bel ɗinsa sabon rami da ƙusa. Jiya ta sake huda wani.

Mama ta yi magana sau ɗaya. Baba Absalom ya ce mata, "Matarmu, ciwon nan na gidanmu ne, zuwa kika yi kika tarar da shi." Wato ita da take wanke shi, take juya shi, take share masa baki, baƙuwa ce a ciwon mijinta. Ni ma na gwada, na ce ɓera daban mutum daban. Ya yi dariya ya ce a ba Dokta Virtue mai digirin SS2 kujera ta zauna. Ya tambaye ni ko na fi Edna da ke zaune da Turawa sani. Sai na shige ɗaki.

To ga Ednar nan na zo wurinta. Idan da gaske abin da kike nufi ke nan, ki gaya mini, zan yi shiru ko da ban gane ba. Idan kuwa ba shi ba ne, ina roƙonki ki sake turo wani saƙon da muryarki, da Hausa, ki warware wancan. Ba wanda za a saurara a gidan nan sai ke.

Ki gafarce ni idan na wuce iyaka. Allah ya kiyaye ki, ya albarkaci aikin hannunki.

Ni ce 'yarki,
Virtue Othniel.

Shagari Low Cost,
Jimeta.
16 ga Maris.

Zuwa ga Anti Edna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya. Yaya fama da aiki? Nancy tana gaishe ki. Zafin Jimeta ya kai inda yake kaiwa, fanka ma iska mai zafi take kawowa in an ga dama an kawo wuta.

Na ga abin da kika rubuta a guruf, na kuma gode da kika karanta wasiƙata. Amma Anti, murya na roƙa, kika turo layi biyu da Turanci, wai bincike yana matakin farko, a bi shawarar likita. Ni aka ba in karanta in fassara. Da na gama sai Baba Absalom ya ce in nuna masa inda kika ce a daina azumi. Babu. Ya ce haka masu ilimi suke yi, gaskiya da baki suke faɗa, abin da suke rubutawa kuwa na kare kai ne kada aikinsu ya taɓu. Ban san yadda zan musa ba, domin ni ma da na sake karantawa sai na ji kamar sanarwar da ake liƙawa a bangon asibiti, ba maganar ƙanwa ga yayanta ba.

Yanzu ga abin da ya biyo baya. Da Baba Absalom ya ga azumi bai tsayar da rawar jikin ba, sai ya ce ai rabin maganarki aka bi, saura rabi. Ya hau keke ya tafi wani kemis a bakin babbar kasuwa, ya kunna wa mai shagon muryarki. Mai shagon ya ce maganin hawan jini iri-iri ne, wanne ake nufi? Da yake ba ki faɗi suna ba, Baba Absalom ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne daɗewa a duniya, tunda tsoho kika ce. Mutumin nan bai tambayi takardar likita ba, bai tambayi ko mara lafiyar yana da hawan jini ba, ya ɗauko ya ƙulla a leda. Baba bai taɓa hawan jini ba a rayuwarsa. Aka riƙa ba shi ƙwayar da safe a kan cikin da ba komai, a wannan zafin.

Ranar Asabar da rana ya faɗi a bayi. Ni na ji ƙarar, ina wanki. Goshinsa ya bugi bakin bokitin ƙarfe, jini ya rufe masa ido ɗaya, kuma karo na farko a shekaru na ga jikinsa ya tsaya cak. Ban taɓa sanin zan ji tsoron tsayawarsa fiye da rawarsa ba. Muka sa shi a keke mai ƙafa uku, kansa a cinyar Mama, ƙafafunsa a waje. A asibiti suka ɗinke goshin, suka ƙara masa ruwa, likita ya auna ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai.

Kin san wa likitan ya yi wa faɗa? Mama. A gaban mutane ya tambaye ta ko so take ta zama gwauruwa da wuri, wace irin mata ce za ta bar miji da yunwa ta kuma ɗura masa maganin da ba nasa ba. Mama ta sunkuyar da kai tana cewa a yi haƙuri. Baba Absalom kuwa yana waje ƙarƙashin bishiya, wai warin asibiti yana tayar masa da zuciya. Ina tsaye a wurin, maganar tana cike da bakina, ban iya buɗe shi ba. Har yanzu in na tuna sai in ji fuskata tana zafi.

Mama ta zuba sauran ƙwayoyin a masai, wannan kam ba ta nemi izinin kowa ba. Na ɗauka shi ke nan an gama. Ina! Baba Absalom ya ce laifin mai kemis ne da ya ba da wanda ba shi ba, amma azumi ba shi da jabu. Kujerar ta koma ƙofar kicin.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mana, Gogo, tsohuwar Bafulatana da katanga ta raba mu. Ita tana cikin azumin watan Ramadan, leɓenta a bushe, amma ta leƙo ta kan katanga ta ce wa Baba Absalom ko a addininsu an ɗauke wa mara lafiya azumi, shi wane Allah ne ya aiko shi ya gadi tukunya? Ya ce ta kula da nata gidan. Ta ce nata gidan ba a faɗuwa a bayi. Da ya shiga ciki sai ta kira ni, ɓingel am, haka take ce mini, wato 'yata. Ta ce kullum tana dama kunun gyaɗa na buɗa-baki, za ta riƙa damawa da wuri ta zuba a fulas ta ɗora a kan katanga bayan tankin ruwa. Mai kauri ne, irin wanda Baba yake iya haɗiyewa. Ran Laraba Baba Absalom yana zuwa taron zumuntar maza, ranar zan fara ba shi.

Ki duba, Anti, inda muka kai. Satar ciyar da ubana zan yi a cikin gidansa. Har yanzu ina jiran muryarki.

Allah ya ba ki lafiya da hikima.

'Yarki,
Virtue.

Shagari Low Cost,
Jimeta.
21 ga Maris.

Anti Edna,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Gaisuwata gajeriya ce yau, ki yi haƙuri, a fusace nake.

Baba ya ƙi shan kunun.

Na jira Baba Absalom ya fita, na ɗauko fulas ɗin, na zuba a kofinsa mai hannu biyu, na durƙusa a gabansa. Ƙamshin kaɗai ya sa miyau ya zubo masa. Amma ya sa bayan hannu ya ture. Na ɗauka rawar ce, na sake matsowa, ya sake turewa. Na ce Baba Absalom ba ya nan, ba wanda zai sani. Sai ya fara magana. Kin san yanzu kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito, don haka na daɗe a durƙushe kafin in haɗa abin da yake nufi.

Ya ce ba Absalom ne ya riƙe masa baki ba. Ya ce Edna a bayan kekensa ta yi firamare, shi ya koya mata karatu, kuma tunda take ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ce ɓera ba ya iya faɗin yadda yake ji, shi kuwa yana iyawa. Idan abin ya yi aiki a jikinsa, to an sani, ranar da zai zo kan Virtue ko Nancy ba za a tsaya neman hanya ba. Idan bai yi ba, shi dama tafiya yake yi. Ya ce in riƙa lura da shi da kyau ina gaya miki, zai taimaki aikinki.

Anti, hannuwana yake kallo da yake faɗin haka.

Na sani. Mun yi darasin yadda ake gadon cuta a aji tun zangon farko, na zana akwatunan lissafin da kaina a allo, malama ta ce na yi daidai. Rabi da rabi ne, ko ciwon ya kama mu ko ya bar mu, ni da Nancy, kowa da nata. Amma a gidan nan ba wanda ya taɓa faɗa da baki, na ɗauka Baba ma ba ya tunaninsa. Ashe shi yake tunani tun safe har yamma da cikinsa a wofi. Duk makonnin nan ina jin haushin kujerar ƙofar kicin, ashe ko an ɗauke ta ba abin da zai canja.

Na mayar wa Gogo da fulas ɗinta a cike. Ta buɗe, ta duba, ta rufe. Washegari ta sake ɗora wani a kan katanga.

Baba Absalom ma, na lura shi ma ba ya ci. Tun zuwansa tare suke yin azumin, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da safe in yana addu'a ina jin yana jera sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Mama ta ce shi ya yi jinyar Kaka a Ngurore har ta rasu, lokacin kina jami'a, shi yake ba ta abinci a baki tana fesa masa. Na ji wannan, amma bai rage mini fushi da shi ba. Wanda ya ga yadda Kaka ta ƙare ƙashi da fata, shi ya kamata ya fi kowa sani.

Amma yau ba da shi nake ba, da ke nake. Wayar tana nuna mini kin buɗe wasiƙata ta biyu tun ranar da na tura. Kin ga goshin da aka ɗinke, na haɗa miki da hoto. Me kike jira? Malamarmu ta ce ɓerayen bincike ma akwai dokar da ta hana a wahalar da su, akwai mai auna su, mai lura da abincinsu, mai tsayar da gwaji idan abin ya yi yawa. Babana ba shi da ko ɗaya. Gwaji ake yi a falonmu da sunanki, ba mai aunawa, ba mai tsayarwa. Ko ɓerayenki sun fi yayanki daraja a wurinki ne? Kin jefo magana daga nesa kina dariya, mu ne muke kwana da ita muke tashi da ita.

Kada ki sake rubutu. Ki kira. Ranar Lahadi bayan sujada kowa yana falo. Ki ce masa, "Yaya, ka ci abinci," da bakinki, yadda zai ji. Idan tsoro kike ji, ni ma tsoro nake ji, ga shi kuwa na rubuta.

Virtue.

Shagari Low Cost,
Jimeta.
9 ga Afrilu.

Zuwa ga Anti Edna,

Gaisuwa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Yaya jikinki, yaya aiki? Ina fata kin samu kin huta. Mama ta ce in gaishe ki da kyau, yanzu ta san ina rubuto miki. Gogo ma ta ce a gaida likitar ɓeraye, sun yi sallarsu lafiya, ta aiko mana da nama.

Na gode da kika kira. Ke murya kawai kika ji, don haka bari in gaya miki abin da ba ki gani ba.

Lokacin da kika ce har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da ciwon nan a jikin mutum, Baba ya daina kallon wayar, ya koma kallon bango. Da kika ce abin da ya yi wa ɓera amfani sau da yawa ba ya yi wa mutum, kuma yunwa cutar da shi take yi ba gyara ba, Mama ta rufe fuska da gyale. Da kika ce azuminsa ba zai koya wa kowa komai game da ni da Nancy ba, a nan ne Baba ya yi wani sauti da ban taɓa ji ba, na ɗauka sarƙewa ya yi har na miƙe. Sannan kika fara kuka, kika ce ranar Kirsimeti kin rasa abin da za ki aiko masa ne, sai kika aiko da ɗan abin da kike da shi, kika ƙara masa kyau fiye da yadda yake. Kika ce kin kasa kira ne don ba ki so ki zama mai karɓe abin da kika bayar. Na ji ki. Ban ce na yarda shiru ya dace ba, domin a cikin shirun nan aka ɗinke goshi, amma na ji ki.

Kin ji Baba Absalom da ya tambaye ki, to me kike yi a can duk shekarun nan? Kika ce ƙila aikin ya iske yaran, ƙila bai iske su ba, ba za ki sake alkawarin abin da ba ki riƙe ba. Bayan kin kashe waya ya fita ya zauna a bakin famfo har yamma. Washegari ya naɗe tabarmarsa ya ce damina ta kusa, sharar gona tana jiransa. Kafin ya tafi ya ɗauko fulas ɗin daga kan katanga, ashe ya daɗe da sanin inda ake ajiyewa, ya kawo ya dangwarar a gaban Baba ya ce, "Othniel, sha." Bai ba Mama haƙuri ba. Ko kallonta bai yi ba, "matarmu, sai an kwana biyu" kawai ya ce. Wannan yana nan a raina, kuma ban ga ranar da zai fita ba.

Baba yana ci. Safe, hantsi, rana, la'asar, duk lokacin da aka kawo. Kunu, fate, dankali da aka murƙushe da man gyaɗa. Mama ce take riƙe cokali, yana riƙe da wuyan hannunta. Fuskarsa ta fara cikowa kaɗan, likita ya ce a ci gaba a haka.

Sai dai ya yi shiru. Lokacin azumin, duk da wahalar, yana tashi da safe kamar mai zuwa aiki, ya sa a gyara masa wuyan riga, ya tambayi ƙarfe nawa. Yanzu ba ya tambaya. Yana buɗe baki, ya haɗiye, ya kalli taga. Abin da na roƙa na samu, kuma da za a koma baya zan sake roƙonsa, domin ina son ubana da rai. Amma ban san haka zai zo ba, kuma ba zan ɓoye miki in ce murna kawai nake yi ba.

Maganar da na yi cewa ɓeraye sun fi Baba daraja a wurinki, na janye ta, ki yafe mini. Sauran ban janye ba. Har yanzu ina jin haushi in na wuce kemis ɗin nan na ga mutumin yana ƙulla wa wasu magani a leda. Ina jin haushin likitan da bai tambayi wa ke yanke hukunci a gidanmu ba kafin ya buɗe baki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin magani ya iso Jimeta tun kafin ki ajiye waya, maganin kansa kuwa ko hanya bai kamo ba. Don haka ina roƙonki, duk ranar da kuka ga wani abu a ɗakin bincikenku, mai daɗi ko mara daɗi, ki faɗe shi duka, da inda ya tsaya, da abin da ba a sani ba. Idan ya yi tsawo ki turo mini, zan zauna da ƙamus in karanta, in gaya musu daidai yadda yake.

Akwai wata tambaya kuma, tawa ce ni kaɗai. Na ji ana iya auna jinin mutum a gane tun kafin abin ya fara. Ban san ko ina so in sani ba. Ban san ko ke kin auna naki ba, kuma na san ba hurumina ba ne in tambaya. Ba zan iya yi wa Mama wannan magana ba, kayan da ke kanta sun isa. Na fara rubuta ta a nan na soke, kin ga wurin. Yau ba zan iya ba.

Idan ban gajiyar da ke ba, kuma ba ki riƙe ni da zafin bakina ba, ki ba ni izini in sake rubuto miki.

Allah ya tsare ki, ya ƙarfafa hannunki.

Ni ce 'yarki,
Virtue Othniel.